Shafi Ɗaya Domin Baƙo: Abin Da Andora Ta Tona Mana Game Da Karaye Da Rogo

 

Maƙalar wannan mako ta samo asali ne daga wata 'yar kunya da muka sha a zaman ƙungiyarmu na wata-wata. Mun ga gara mu kawo ta nan a sha tare, tunda da wuya a ce mu kaɗai ke da laifin.

Wani daga cikinmu ne ya zo da takarda shafi biyu da ya buga a shagon kwamfuta. Ya ce ya ci karo da ita ne yana neman labarin ƙasar nan da ake yawan lallasa 'yan ƙwallonta a wasannin share fage na Turai, wato Andora. Takardar gabatarwa ce ga matafiyin da zai je ƙasar shi kaɗai, babu kamfanin yawon buɗe ido da zai riƙe masa hannu. Yana karantawa yana fassara mana. Da ya zo inda aka ce faɗin ƙasar murabba'in kilomita 468 ne, sai wani mai son lissafi ya ciro waya ya duba na Karaye. Murabba'in kilomita 479. Ashe ƙaramar hukumar Karaye ita kaɗai ta ɗara ƙasar Andora faɗi. Rogo kuwa 802 gare ta. Mutanen Andora har yau ba su kai dubu 100 ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba Karaye mutum dubu 141 da 'yan kai, ta ba Rogo dubu 227 da 'yan kai, kuma kowa ya san yawan sunan da aka raɗa daga lokacin zuwa yau.

Aka yi dariya, aka ce ashe mu ma ƙasa ce guda, tuta kawai ta rage mana. Dariyar ba ta daɗe ba, domin wata 'yar uwa ta jefo tambaya: to ina tamu takardar? In baƙo ya tashi zuwa Karaye ko Rogo shi kaɗai, me zai riƙe a hannu?

Kafin mu faɗi amsar da muka bayar, bari mu ɗan tsaya a kan takardar Andora, don a ga irin aikin da ake magana a kai.

Ba ta fara da yabo ba. Ta fara da inda ƙasar take: a matse cikin tsaunukan Pirenis, Faransa a arewa, Sifaniya a kudu, ba ta da gaɓar teku. Layin da ya biyo baya ya faɗi abin da mu da a ce garinmu ne da mun rufe: babu filin jirgin sama a cikin ƙasar, babu layin dogo. Sai dai ka sauka a Barcelona ko Tulus ka hau bas, daga Barcelona tafiyar kamar awa 3 ce. In lokacin sanyi ne, dusar ƙanƙara kan iya rufe hanyar da ta fito daga ɓangaren Faransa, saboda haka ka tambaya kafin ka tashi. Kuɗin Yuro ake kashewa, duk da cewa ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai. Harshen hukuma Katalan ne, amma Sifaniyanci ko Faransanci zai fitar da kai. Mai fasfo irin namu kuma akwai tarkon da aka nuna masa: Andora ba ta neman bizar kanta, sai dai ba a shigarta sai ta Faransa ko Sifaniya, don haka ka nemi bizar Shengen wadda ta yarda ka shiga fiye da sau ɗaya, domin tsallakawa Andora fita ce daga yankin, dawowa kuma sabuwar shiga ce.

Tarihi bai ci fiye da layi huɗu ba. Wata yarjejeniya ta shekarar 1278 ta raba sarautar ƙasar tsakanin babban limamin Katolika na Urgell, a ɓangaren Sifaniya, da wani basarake na ɓangaren Faransa. Gadon basaraken ya yi ta gangarowa har ya faɗa hannun shugaban ƙasar Faransa, shi ya sa har gobe shugabanni biyu gare su, kuma babu ko ɗaya da ke zaune a cikin ƙasar. A 1993 suka yi kundin tsarin mulki. Shi ke nan, aka wuce. Da aka zo kan babban birnin, an faɗi cewa shi ne mafi tudu cikin manyan biranen ƙasashen Turai, sama da mita 1,000, sannan aka ƙara da cewa babban titinsa shaguna ne jere na turare da taba da kayan lantarki, ga cunkoson motoci, in kyan gani ka zo nema ka hau tsauni.

Mu lura da wannan. Marubucin ya faɗi aibin wurin a shafin da aka yi don jawo mutane, kuma wannan faɗar ce ta sa muka yarda da sauran abin da ya ce.

To sai muka ce mu gwada. Aka ba kowa rabin awa ya rubuta shafi ɗaya a kan Karaye ko Rogo, domin wanda bai taɓa zuwa ba. Mu goma sha ɗaya ne a zaman. Da aka tattara aka karanta, kai ka ce mutum ɗaya ne ya rubuta su duka. Gari ne mai daɗaɗɗen tarihi. Allah ya albarkace shi da noma da kiwo. Mutanensa masu karamci ne da son baƙi. Ya fitar da manyan malamai da 'yan boko da 'yan siyasa. Wasu suka jero sunayen sarakuna tun daga na farko, wani ya cike rabin shafinsa da kirari. A cikin takardu goma sha ɗaya, babu wadda ta faɗi tashar da za a hau mota a Kano. Babu wadda ta faɗi ranar kasuwa. Babu wadda ta ce ga inda za a kwana, ko ma ta yarda cewa wurin kwana matsala ne. Har da takardar masu rubuta wannan maƙala, kada a ɗauka muna wanke kanmu.

Ba ƙarya muka rubuta ba. Karaye tsohon gari ne da gaske, sunansa ya fito a littafin Tarihin Kano cikin labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa, don a bakin iyaka yake. Abin da ya faru shi ne mun rubuta wa kanmu ne, mun rubuta abin da in hakimi ya ji zai gyaɗa kai. Baƙon da aka ce mu rubuta masa ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba.

Wani zai ce wane baƙo? Wa ke zuwa Karaye yawon buɗe ido? Tambayar tana da sauƙin amsa, kuma amsar ce ta fi ba mu kunya. Sansanin dindindin na horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla ne, a Karaye. Sau da dama a kowace shekara, ɗaruruwan samari da 'yan mata da suka gama jami'a da kwalejin kimiyya suna tasowa daga Legas da Inugu da Fatakwal da Makurɗi, kowa da jakarsa da takardar kira, su yi mako 3 a cikinmu. Yawancinsu ba su taɓa tsallako Kaduna ba. Ba su da ɗan jagora, ba sa jin Hausa, iyayensu kuma suna can rai a hannu. In ba wannan ne matafiyi mai zaman kansa ba, to ba mu san wane ne ba. Abin da suke karantawa kafin su taso, waɗanda suka riga su zuwa ne suka rubuta, mutanen da suka san garin daga bayan waya na tsawon kwana 21. Ba mu ga laifinsu ba, sun cike gurbin da muka bari ne.

Wani ɗan ƙungiyarmu ya ba mu labarin wata da suka hau mota ɗaya daga Kano. Jirginta ya yi latti, ta iso tasha bayan la'asar sakaliya, motar kuma sai da ta cika ta tashi. Tun daga hanya take kuka a hankali, saboda an gaya mata in duhu ya yi mata a Arewa ta gama yawo. Da suka sauka wata mai abinci ce ta zaunar da ita, ta kira ɗan acaɓan da ta sani ya kai ta har ƙofar sansani. Ta isa lafiya, kamar yadda kusan kowa ke isa. Amma layi biyu kacal, ka kwana a Kano in ka iso da yamma, ka zo tasha da safe don motar haya ba ta da agogo sai ta cika, da sun ɗauke mata kukan awa biyu.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai ma'aikaciyar lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki, da malamin makaranta, da ɗan kasuwar hatsi daga Maraɗi, da ɗalibin da ya zo binciken kammala karatu, da 'yan kai amarya daga Haɗeja. Duk baƙi ne, kuma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Me ya sa ba mu iya wannan rubutun ba? Ba don Hausa ba ta san rubutun tafiya ba ne. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila da Jamus a 1855, ya bayar da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga shi. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sai dai dukkansu fuska ɗaya suka kalla: ɗan gida ya fita, yana bayar da labarin waje. Ɗaya fuskar, wato ɗan gida ya tsaya a ƙofa yana yi wa na waje bayanin gida, ba mu mayar da ita rubutu ba, saboda a da ba a bukata. Fatake suna da zango, ɗan kasuwa yana da fatoma da zai sauke shi ya nuna masa dillali, almajiri yana da malamin da aka haɗa shi da shi. Jagorar a baki take, shi ya sa aka ce matambayi ba ya ɓata. Yau baƙon yana yin tambayarsa ne tun yana ɗakinsa, waya yake tambaya, kuma in wayar ba ta da amsarmu sai ta ba shi ta wani.

Akwai abin da ya kamata kowane marubuci ɗan yankin nan ya sani. Littafin da ya fi kowanne kai labarin ƙasarmu duniya, ba ɗan boko ne ya tsara shi ba. Wata tsohuwa ce, Baba, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, Zarewar nan da ke cikin Rogo a yau. A Giwa ta ƙasar Zazzau ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Aka buga shi da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya Hausar ma ta fito. Har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya. In ka duba me ya sa, ba kirari za ka tarar ba. Yadda aka tsara gida za ka tarar, da yadda ake neman aure, da sana'ar da matan kulle ke yi, da yadda mutanen ƙauye ke gudu cikin ganuwa in mahara sun taso. Abubuwa ne da Baba ba za ta taɓa ɓata bakinta ta gaya wa maƙwabciyarta ba, don maƙwabciyar ta sani. Baƙuwa ce a gabanta, mai tambayar mene ne wannan, don me ake yin haka, shi ya sa abin da kowa ya raina ya shiga takarda. Mu da muke da boko da waya, mun rasa wannan baƙuwar a cikin kanmu lokacin da muke rubutu.

To me shafin namu zai ƙunsa? Ba za mu rubuta shi a nan ba, aikin kowa ne, amma ga irin abin da muke nufi.

Zai fara daga Kano, tunda ta nan yawancin baƙi ke shigowa: Kabuga, titin Gwarzo, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a wuce Rimin Gado. Zai faɗi kuɗin mota na ranar da aka rubuta, da cewa mutum nawa ake ɗaurawa a gaba, don wanda bai saba ba kada ya ɗauka cutarsa ake yi. Zai ce a riƙo tsabar kuɗi, domin mai POS ma da sabis yake aiki, sabis kuwa yana da ranakunsa.

Zai warware rikicin sunaye, wanda mu ba ma gani saboda sabo. A cikin mazaɓun Karaye akwai Daura, akwai Yola, kuma ba Daurar Katsina ba ce, ba Yolar Adamawa ba. A Rogo akwai Falgore, amma ba ita ce dajin Falgore da ake ji a labarai ba, wancan yana can kudancin jihar ta hanyar Jos. Ka yi tunanin uwar da aka ce mata an tura ɗanta aiki Falgore, ta buga sunan a waya. Layi ɗaya zai sa ta yi barci. Haka kalmar dam. Ɗan gari ya san akwai na Kusalla, inda sansanin yake, akwai kuma babban na Challawa. Baƙo in ya ce wa ɗan acaɓa kai ni dam, sai Allah.

Shi dam ɗin Challawa ya isa a tsaya a kansa, don shi ne abin da ya fi kusa da abin da 'yan yawon buɗe ido ke nema. An kammala shi a 1992 a kan kogin Challawa, tsayinsa mita 42, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, kuma ruwan da yake saki yana gangarawa ya haɗu da na kogin Kano ya zama kogin Haɗeja. Wato abin da aka yi da ƙofar ruwa a Karaye yana taɓa manomi da masunci a can Jigawa da Yobe. Wannan bayani ne da baƙo mai hankali zai so. Amma shafin kirki ba zai tsaya a lambobi ba. Zai ce da sassafe ko da yamma ake zuwa, lokacin da masunta ke fitowa da kifi. Zai ce a nemi izinin masu gadi kafin a ɗaga waya ana hoto. Zai ce kada a shiga wanka, kada a hau kwalekwalen da aka cika maƙil, ruwan dam ba rafin bayan gari ba ne. Zai ce in ka sami dattijon da ya san wurin kafin ruwa ya kwanta, ka zauna ka saurare shi.

Zai faɗi lokaci. Wanda ya taso daga Fatakwal a watan Disamba bai san akwai sanyin da zai fasa masa leɓe a Nijeriya ba, a ce masa ya zo da rigar sanyi da man shafawa. Wanda zai shiga ƙauyukan Rogo a watan Agusta a ce masa hanyar burji in ta sha ruwa babur ma lallaɓawa yake. A watan azumi a ce masa masu abinci ba sa fitowa da rana, ya yi tanadi, kuma kada ya ci a bainar jama'a.

Zai koya masa shiga mutane: sallama kafin komai, gaisuwa ba a gaggauta ta, namiji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo, ba a ɗaukar hoton mace ko yaro haka kawai, wanda zai kwana a unguwa ana kai shi ya gaida mai unguwa. Mu a wurinmu wannan ba ilimi ba ne, numfashi ne. A wurin baƙo kuwa shi ne bambancin a karɓe shi da a zuba masa ido.

Sarauta ma za ta shiga, amma da awo irin na takardar Andora. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. A watan Yuli na shekarar aka dawo da masarautar a matsayin mai daraja ta biyu, Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Iyakar abin da baƙo ke bukata ke nan, don ya san yadda zai yi magana in ya je fada. Ra'ayinka a kan wa ya yi daidai, ka ajiye shi sai wata maƙalar. Abin da wannan ya koya mana shi ne sa kwanan wata: shafin da aka rubuta a 2018, da na 2020, da na ƙarshen 2024, abu uku daban za su faɗa, kuma kowanne gaskiya ne a ranarsa.

Yanzu ga inda gardama ta yi zafi a zamanmu, har sai da shugaba ya buga tebur: tsaro. Rogo tana iyaka da Katsina da Kaduna, kuma an sha jin rahoton masu garkuwa da mutane a wasu ƙauyukan yankin. A rubuta ko kada a rubuta? Wasu suka ce wannan tonon asiri ne, ɗan halak ba ya nuna gidansu da hannun hagu, kuma in ka rubuta dattawa za su ce ka ɓata sunan gari. Wannan tsoron ba wasa ba ne, mun san shi. A ƙaramin gari marubuci ba ya ɓuya, wanda ka rubuta a kan hanyar ƙauyensu gobe kuna sahu ɗaya a masallaci, kuma da mahaifinka za a fara yi wa ƙorafi kafin kai.

Duk da haka matsayinmu shi ne a rubuta. Uwar yarinyar nan ta cikin mota ta riga ta karanta abin da ya fi wannan muni, daga bakin waɗanda ba su san bambancin Karaye da Zamfara ba. In shafinmu ya yi shiru, ba za ta ce lafiya lau ake ba, cewa za ta yi ɓoyewa muke. In kuwa ya ce mata kada a yi tafiyar dare, a tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar ranar, kada a shiga ƙauyen iyaka ba tare da ɗan gari ba, sannan ya ce cikin gari ana kasuwa ana makaranta ana biki kamar ko'ina, za ta yarda da na ƙarshen saboda an gaya mata na farkon. Kuma in wani abu ya sami baƙon da ya dogara da shafin da muka shafe wa aibi, alhakin a wuyan wa yake?

Sai dai masu adawa suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma mun karɓa. Akwai abin da ba ya shiga irin wannan rubutu: sunan mai kuɗin gari, gidan da ke da shanu, lambar wayar wani, lokacin da 'yan kasuwa ke dawowa da ciniki. Ba baƙon kirki kaɗai ke karatu ba.

Wata gardamar ita ce ta harshe. Aka ce ɗan Inugu ba ya karanta Hausa, me zai yi da shafinmu? Gaskiya ne. Amma ɗan Maraɗi yana karantawa, ɗan Sakkwato ma haka. Kuma wahalar aikin ba a harshe take ba, a gani take. In an tattara bayanin da Hausa, daga bakin direba da mai shayi da sarkin kasuwa, fassara shi aikin yini ɗaya ne, muna da masu difloma da digiri a cikinmu da za su yi. In aka fara da Turanci kuwa, mun san abin da zai fito, kwafin abin da ke intanet ne za a sake jerawa.

Ba kuma muna cewa rubutu zai mayar da Karaye Andora ba ne. Miliyoyin da ke zuwa can kowace shekara dusar ƙanƙara ce da arahar kaya ke kawo su, ba iya rubutun wani ba. Mu ba mu da otal ɗin da za mu yi alfahari da shi, kuma shafinmu dole ya faɗi haka. Abin da muke nema bai kai nan ba: wanda dole ta kawo shi ya iso da sauƙi, ya zauna ba a tsorace ba, ya koma da labarin da ya yi kama da mu.

Ga masu rubuta ƙagaggun labarai, kada ku ce wannan ba layinku ba ne. Mu duba littattafan da muke sakawa a zauruka: jarumi yana Abuja, jaruma tana Dubai, in an zo ƙauye sai a ce wani ƙauye, ba suna, ba hanya, ba ƙamshin komai. Marubucin da ya kasa kai mai karatu daga Kabuga zuwa ƙofar gidansu, da wane ƙarfin hali yake kai shi filin jirgin Dubai da bai taɓa gani ba? Shafi ɗaya na jagorar baƙo ya fi darasi goma a kan siffanta wuri, domin a nan in ka yi kuskure mutum ne zai ɓata a hanya, ba tauraron labari ba.

Saboda haka ga aikin wannan mako, ga duk mai so, ko daga ina yake. Ka rubuta garinku ko unguwarku a kalmomin da ba su wuce 400 ba, domin wanda zai zo shi kaɗai ranar Talata mai zuwa. Tarihi kada ya wuce layi huɗu. Kalmar albarka da kalmar karamci an hana, in mutanenku masu karamci ne ka nuna mana inda baƙo zai ga haka. Dole a sami aibi aƙalla ɗaya da yadda za a kauce masa. A sa kwanan wata a ƙasa. Kafin ka saka a nan, ka ba wanda bai taɓa zuwa ba ya karanta, ka rubuta tambayoyin da ya yi maka, ka koma ka amsa su a cikin shafin.

Namu na Karaye da na Rogo muna kan gyara. Ranar Asabar za mu kai su tasha a karanta wa direbobi, duk inda suka ce ba haka ba ne mu soke. A turo naku a ƙarƙashin wannan rubutu kafin daren Juma'a.